Babur Ma Yana Numfashi: Darasin da Ke Cikin 'Yar Kafar Iska

Duk wanda ya saba bin hanyar Ali Akilu da sassafe, daga Kawo zuwa tsakiyar Doka, ba zai rasa cin karo da mutum yana tura tsohon babur a gefen titi ba, gumi na tsiyaya masa, alhali kuwa tankinsa cike yake da mai. Sau da yawa labarin iri ɗaya ne. Babur ya tashi lafiya lau a ƙofar gida, ya yi tafiyar 'yan mintoci, kafin a kai Unguwar Sarki sai ya fara shaƙewa yana fizga, daga nan ya mutu murus. A yi ta buga kik har ƙafa ta gaji, ya ƙi tashi. Idan aka bar shi ya huta na ɗan lokaci, sai ya tashi kamar babu abin da ya faru, ya ƙara 'yar tafiya, ya sake mutuwa. Idan an je gareji, yau a sauya fulogi, gobe a sauya koyil, jibi a ce kafireto ne ya mutu sai an sayo sabo. Kuɗin cefanen mako guda ya tafi, cuta kuwa tana nan inda take. A irin wannan hali, sau tari mai laifin wata 'yar kafa ce a jikin murfin tanki, wadda ba ta fi kaurin allura ba. Ko dai ƙura da tsatsa sun toshe ta, ko kuwa mai babur ɗin da kansa ya toshe ta ranar da ya shimfiɗa leda a bakin tanki ya ɗaura murfi a kai, don kada mai ya riƙa fantsalowa.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, asarar da ake tafkawa a kan wannan 'yar kafa ta samo asali ne daga rabuwar ilimi guda biyu, waɗanda suke zaune a gari ɗaya amma ba su gaisawa. Ɗalibin sakandare ya haddace ma'anar matsin iska saboda jarrabawa, amma bai taɓa leƙa cikin kafireto ba. Yaron gareji kuwa yana iya kwance kafireto ya mayar ko da idonsa a rufe, amma ba a taɓa gaya masa dalilin da ya sa aka huda kafofin da yake gani a jikinsa ba. Ya kamata tsohon kafireto ya shiga ajin kimiyya, ya kamata kuma hanyar binciken kimiyya ta shiga gareji. Domin a ga hujjar wannan magana, tilas ne a fara da ita iskar kanta.

Iska tana da nauyi

A shekarar 1643 wani masani ɗan ƙasar Italiya mai suna Evangelista Torricelli ya cika wani dogon bututun gilashi da zaiba, ya kifa shi a cikin kwanon da ke ɗauke da zaiba, sai ya ga ta tsaya a tsawon kimanin santimita 76, ta ƙi saukowa. Abin da ya riƙe ta shi ne nauyin iskar da ke danna fuskar zaibar da ke cikin kwanon. A bakin teku, wannan danni ya kai kimanin kilogiram ɗaya a kan kowane wuri mai faɗin farcen yatsa. Kaduna tana bisa tudun da ya kai wajen mita 600, saboda haka matsin iskarta ya gaza na Legas da kusan kashi 7 cikin 100, amma duk da haka nauyi ne babba.

Babban darasin da ke cikin wannan shi ne, abin da ake kira tsotsa ko zuƙa, a haƙiƙa turi ne. Sa'ad da mutum zai ja numfashi, tantanin da ya raba ƙirji da ciki yakan sauka, ƙirji ya faɗaɗa, matsin da ke cikin huhu ya ragu, sai iskar waje ta turo kanta ciki. Mai shayi ya san wannan doka ko da bai san sunanta ba, domin kuwa ba ya huda gwangwanin madara a wuri ɗaya. Huji biyu yake yi, ɗaya madara ta fita, ɗaya iska ta shiga ta maye gurbinta. Idan ya ɗora yatsa a kan huji na biyu, madarar sai ta riƙa fita da ƙyar tana tsayawa. Jikin halittu cike yake da irin waɗannan kafofi. Akwai wani siririn bututu da ya haɗa cikin kunne da maƙogwaro, aikinsa daidaita matsin iska a ɓangarori biyu na gangar kunne. Shi ne ke buɗewa matafiyi ya ji kunnensa ya yi ƙas idan mota ta fara hawan tudun Jos, shi ne kuma ke toshewa lokacin mura har ji ya dushe. Ƙwan kaza yana da dubban ƙananan kafofi a ɓawonsa, idan aka shafe shi da mai suka toshe, ɗan tsakon da ke ciki ba zai rayu ba. Babur ma haka yake, duk inda ruwa zai fita, sai an bar wa iska hanyar shiga.

Hanyar mai daga tanki zuwa inji

Tsofaffin baburan da aka sani a Kaduna, irin su Honda Benly da CD175, da CG125 wadda ta fara fitowa a 1975, da Suzuki A100, da Yamaha YB100, da Vespa, babu wanda ke da injin tura mai. An ɗora tanki ne sama da kafireto, nauyin man kansa ke gangaro da shi. Daga tanki mai yakan ratsa famfon mai, wanda ke da 'yar raga mai tace datti, ya bi tiyo, ya shiga wani ɗan kofi da ke ƙarƙashin kafireto. A cikin kofin akwai wani abu mara nauyi da ke yawo a saman mai, makanikai na kiran sa fulot, yana haɗe da wata 'yar allura. Idan mai ya kai iyakar da aka tsara, fulot ya tashi ya tura allurar ta rufe ƙofa. Idan mai ya ragu, ya sauka ƙofa ta buɗe. Aikinsa ɗaya ne da ƙwallon da ke tsayar da ruwa a tankin saman gida.

A saman kofin ne maƙogwaron kafireto yake, wato hanyar da iska ke bi zuwa inji, kuma an matse tsakiyarta da gangan. Daniel Bernoulli ya bayyana a 1738 cewa idan gudun ruwa ko iska ya ƙaru, matsinsa yakan ragu, sa'an nan Giovanni Battista Venturi ya wallafa bincikensa kan matsattsun bututu a 1797. Idan fistin ya sauka a cikin silinda, iskar waje takan kutsa da gudu ta wannan matsatsi, matsi ya faɗi a wurin. A daidai nan ne aka sa bakin wani ɗan bututu da ya nutsa cikin kofin mai, a gindinsa akwai wata ƙwayar tagulla mai huji, wadda ake kira jet. Tun da matsin iskar da ke kan fuskar mai a cikin kofi ya fi na maƙogwaro, sai ya tura man sama, ya fita kamar feshin turare, ya gauraya da iska. Wilhelm Maybach na ƙasar Jamus ya fito da kafireto mai irin wannan tsari a 1893, kuma har yau asalin dabarar bai sauya ba. Domin fetur ya ƙone sarai, yana bukatar iskar da ta ninka nauyinsa sau 14.7. Idan mai ya yi yawa, inji ya yi baƙin hayaƙi ya sha mai. Idan ya yi kaɗan, inji ya yi zafi ya rasa ƙarfi.

Mai karatu zai lura cewa dukan wannan aiki ya rataya ne a kan abu guda, wato kasancewar iskar waje tana iya kaiwa ga fuskar mai, a cikin tanki da kuma a cikin kofi. Hanyoyin numfashin babur guda uku ne, kowace kuma tana da irin alamar da take nunawa idan ta toshe.

Kafofi uku

Ta farko ita ce kafar murfin tanki. A ce tazarar da ke tsakanin fuskar mai a tanki da kofin kafireto santimita 30 ce. Turin da wannan tsayi na fetur ke bayarwa bai wuce kimanin kashi 2 cikin 100 na matsin iskar waje ba. Robert Boyle ya nuna a 1662 cewa idan aka faɗaɗa wa iskar da ke kulle wuri, matsinta yakan ragu daidai gwargwadon faɗaɗawar. Saboda haka idan tanki ya cika, filin iskar da ya rage a sama lita ɗaya ne, kuma kafar murfi a toshe take ƙam, fitar mililita 20 kacal, wato cokalin shayi huɗu, ta isa ta tsayar da gangarowar mai. A zahiri tururin fetur da 'yar iskar da ke saɗaɗowa ta gefen murfi sukan jinkirta abin, shi ya sa babur ke yin 'yar tafiya kafin ya mutu, shi ya sa kuma yake farfaɗowa idan ya huta. Wannan lissafi ya warware wani abu da ke ɗaure wa mutane kai, wato yadda matsalar ta fi tsanani ranar da aka cika tanki, har a riƙa zargin gidan mai da sayar da gurɓataccen fetur. Gwajin bai bukatar ko kwabo. Da zarar babur ya mutu, a buɗe murfi a kasa kunne. Idan aka ji iska ta shiga da ɗan huci, kuma babur ya tashi ya ci gaba da tafiya muddin murfi yana sassauce, an kama ɓarawo.

Ta biyu ita ce kafar kofin kafireto. A wasu baburan an buɗe ta ne ta cikin bakin kafireto, a wasu kuma wani siririn tiyo ne yake saukowa ya rataya a ƙarƙashin inji, kusa da tiyon da ke zubar da rarar mai. Mutane da dama suna ɗaukar waɗannan tiyoyi a matsayin tarkace, wasu su ƙulle su, wasu su cusa musu ƙusa don mai ya daina ɗiga. Idan wannan kafa ta toshe, iskar da ke cikin kofi ba ta da mafita. Mai na shigowa, ko kuwa zafin inji ya sa shi yin tururi, sai matsi ya ƙaru ya tura mai ta cikin jet ba tare da an nema ba, inji ya shaƙe, fulogi ya jiƙe. A wani lokacin kuma akasin haka ke faruwa, idan aka murɗa totur mai ya fita da sauri, matsin cikin kofi ya faɗi, babur ya rasa mai a daidai lokacin da ake bukatar ƙarfinsa, watakila ana tsakiyar wuce babbar mota. A watan Agusta, lokacin da ruwa ke kwanciya a titunan unguwanni, babur yakan mutu a tsakiyar kududdufi a ce ruwa ya taɓa fulogi, alhali wani lokaci bakin wannan tiyo ne ya nutse, ko taɓo ya liƙe shi. Ɗigar mai daga tiyon rara kuwa saƙo ne cewa allura ba ta rufewa, ko datti ya tokare ta, ko fulot ya huje ya sha mai ya nutse. Toshe tiyon bai gyara allura ba, sai dai ya karkatar da man zuwa cikin inji, inda zai iya tsinka baƙin mai ya lalata ƙarafa.

Ta uku ita ce babbar hanyar iska, inda matacin iska yake. Aikin wannan soso ko takarda ɗaya ne da na gashi da majinar hanci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu takan cika shi cikin ɗan lokaci. Idan ya cushe, iska ta ragu, matsin maƙogwaro ya ƙara faɗuwa, mai ya riƙa fita fiye da kima. Alamarsa baƙin hayaƙi, da fulogi mai kunkunniya, da tankin da ba ya auki. Tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin fetur, farashinsa ya ninka, kuma malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikacin da ke hawa babur da cushasshen mataci yana ƙona wani yanki na albashinsa ne a banza. Maganin da wasu ke yi, wato cire matacin gaba ɗaya, ya fi cutar muni, domin ƙura za ta shiga silinda ta riƙa cin ƙarfe kamar sanfefa.

Aikin zanzaro

Akwai wani mai toshe kafofi da ba a cika zargi ba, shi ne zanzaro. Macen wannan ƙwaro takan ɗebo jiƙaƙƙiyar ƙasa ta gina ɗaki, ta harbi gizo-gizo ko tsutsa ta sumar da su, ta zuba a ciki, ta sa ƙwai, ta liƙe ƙofa, don ɗanta ya sami abinci idan ya ƙyanƙyashe. Wasu ƙananan nau'o'insa ba su wahalar da kansu da sabon gini, sukan nemi ramin da ke nan a shirye, kamar kafar makulli ko bakin siririn tiyo. Babur ɗin da aka jingine a zaure na tsawon hutun makaranta yana iya samun irin wannan baƙo, mai shi ya dawo ya tarar da matsalar da ba ta nan lokacin da ya ajiye shi.

Kada a raina wannan. A ranar 6 ga Fabrairu, 1996, wani jirgin sama ƙirar Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominikan, mutum 189 suka rasu. Masu bincike sun gano cewa ɗaya daga cikin ƙananan bututun da ke auna gudun jirgi ta hanyar matsin iska ya toshe, ya riƙa bai wa matuƙi labarin ƙarya. Jirgin ya yi wajen mako uku a ajiye kafin wannan tafiya, kuma zaton da ya fi rinjaye shi ne ginin zanzaro ne ya toshe bututun. Dokar da ke aiki a jikin wannan jirgi ita ce ke aiki a jikin Vespar da ke jingine a Kabala Doki.

Bincike mataki-mataki

Abin da kimiyya za ta ba gareji ba ya wuce ɗabi'u uku: a saurari alamu kafin a ɗauki sifana, a fara da gwajin da ya fi araha, sa'an nan a sauya abu ɗaya tak a kowane karo. Wanda ya sauya fulogi da koyil da kafireto a rana ɗaya, ko da babur ya gyaru, bai san wanne ne ya gyara shi ba, kuma ya biya kuɗin abu uku a kan laifin guda.

Da farko a tambayi mai babur yaushe yake mutuwa, da sanyi ko da zafi, a silo ko a kan gudu, da cikakken tanki ko da rizab, bayan ruwan sama ko bayan doguwar ajiya. Daga nan a gwada murfin tanki. Sa'an nan a duba ko fulogi na ba da wuta a daidai lokacin da babur ya mutu, domin koyil mai rauni ma yakan gaza idan ya yi zafi ya dawo idan ya huce, kuma wannan gwaji ne ke raba laifin wuta da laifin mai. Bayan inji ya huce, nesa da kowace wuta, a zare tiyon mai daga kafireto a sa shi cikin farar kwalba, a buɗe famfo. Idan mai na zuba a miƙe ba ya yankewa, hanyar sama lafiya take. A ɗaga kwalbar a duba gindinta. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa kamar ƙwayoyin gilashi, jan gari kuma tsatsar tanki ce. Launin bakin fulogi shi ma shaida ne: ruwan ƙasa alamar daidaito, baƙin kunkunniya yawan mai, fari fat kuma ƙarancin mai, wanda sau da yawa ke fitowa daga tsagewar robar da ta haɗa kafireto da inji. A bi tiyoyin iska a tabbatar a buɗe suke. Sai duk waɗannan sun wuce ne ya dace a kwance kafireto.

Ko a nan ma akwai kuskuren da ilimin lissafi zai hana. Hujin babban jet a ƙananan babura yana wajen milimita ɗaya ne, na ƙaramin jet kuwa bai kai rabin milimita ba. Tagulla ƙarfe ne mai laushi, kuma al'adar zura masa wayar birki ko allurar ɗinki tana faɗaɗa hujin. Faɗin fili na da'ira yana ƙaruwa ne da ninkin ƙaruwar bakinta a kan kanta, saboda haka ƙarin kashi 10 cikin 100 a bakin huji yana nufin ƙarin kashi 21 cikin 100 a hanyar da mai zai bi, kuma babu mai iya mayar da shi. Jiƙawa da hurawa da famfon iska sun wadatar.

Wannan duka ba ya nufin cewa fetur ba ya laifi. A watan Fabrairu na 2022 hukumomi sun tabbatar da shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Nijeriya, wanda ya lalata injina ya kuma jawo dogayen layuka a gidajen mai. Man 'yan bumburutu da ke zaune cikin jarka yana iya ɗaukar ruwa da datti. Fetur ɗin da ya daɗe a kofin kafireto kuma yakan bushe ya bar danƙo a cikin jet, shi ya sa ya kamata a rufe famfo a tsiyaye kofi kafin doguwar ajiya. Farar kwalba ce za ta nuna ko mai ne da laifi, zato ba zai nuna ba.

Huhun mai gyara

Akwai wani ɓangare da ya fi kuɗi muhimmanci. Yaran gareji da yawa suna zuƙo fetur da baki ta cikin tiyo, ko su kafa baki su hura tanki. Ɗan kaɗan na fetur idan ya kauce ya shiga huhu yakan ƙona tantaninsa ya haddasa kumburi mai haɗari, shi ya sa ba a tilasta wa wanda ya haɗiyi fetur yin amai, asibiti ake kai shi. Fetur yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini ga masu daɗewa suna shaƙarsa, kuma yana ratsa fata, don haka wanke hannu da fetur kullum ganganci ne. Injin da mai ya yi wa yawa yana fitar da iskar kabon monoksaid mai yawa, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke kama sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Ɗumama babur a cikin rufaffen shago ko zaure yana iya kisa. Har ila yau tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan bi ƙasa yana rarrafe. Babur mai ɗigar mai da aka shigar ɗaki da dare, famfo a buɗe, kusa da risho ko fitilar ƙwai, gobara ce ke jiran lokacinta.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wani zai ce kafireto tsohon yayi ne, bai cancanci lokacin aji ba. Akwai gaskiya a maganarsa. Dokokin rage hayaƙi a Turai, da waɗanda Indiya ta fara aiki da su a Afrilun 2020, sun sa akasarin sababbin baburan waɗannan wurare sun koma amfani da na'urar fesa mai da kwamfuta ke sarrafawa, kuma babu shakka ta fi tsafta da tattalin mai. Baburan lantarki ma sun fara shigowa. To amma akasarin baburan da ke bin titunan Kaduna da kafireto suke aiki, haka nan ƙaramin janareta, da injin markaɗe, da injin ban-ruwan da masu lambu ke kafawa a bakin kogin Kaduna da rani. Bugu da ƙari, darasin da ke ciki ba ya tsufa. Kafireto inji ne da ake iya riƙewa a tafin hannu a ga kowace gaɓa tasa, alhali na'urar zamani akwati ce a rufe. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wani kuma zai ce makarantu ba su da kayan aiki. Wannan ma tsohon kuka ne. Lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, an shigo da injinan koyar da fasaha daga ƙasashen waje, kuma a makarantu da yawa sun tsufa a cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da rashin malamai. Abin da ake magana a kansa a nan bai bukatar lantarki. Mataccen kafireto, wanda aka wanke ya bushe babu ɗigon fetur a jikinsa, ana samunsa da ɗan kuɗi kaɗan a Panteka ko a kowane garejin babura. Da shi, da gorar ruwa ta roba, da tiyo, da ruwa mai launi, malamin Fizis zai koyar da matsin iska da dokar Boyle da dalilin da ke sa abu ya yi yawo a saman ruwa. Malamin Kemistiri ya koyar da ƙonewa. Malamin Bayoloji ya koyar da numfashi da guba. Malamin Lissafi ya koyar da faɗin da'ira. Garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna bai kamata a ce wannan ya gagare shi ba.

Kammalawa

Abin da ake nema ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin JETS abu ne mai sauƙi. A kowane zango a gayyaci wani dattijon bakanike daga unguwa, a ba shi girman da ya cancanta, ya kwance kafireto a gaban ɗalibai ya faɗi alamun da shekaru suka koya masa, malamin kimiyya kuma ya tsaya a gefensa yana bayyana dalilin kowace alama. A bar shi ya zo da yaransa, domin su ma su ji abin da fetur ke yi wa huhu da jini. Kowane ɓangare zai koma da abin da bai zo da shi ba, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Ɗalibin da ba ya son jiran wannan rana yana iya farawa a gida. Ya sami gorar roba, ya huda ƙaramin huji kusa da gindinta, ya cika ta da ruwa, ya ɗaure murfi tam, ya ga yadda ruwan zai ɗan zuba ya tsaya. Sa'an nan ya sassauta murfin, ya ga yadda zai ci gaba da zuba. Ya rubuta abin da ya gani da dalilinsa a littafinsa, ya kai wa malaminsa. Ranar da babur ɗin mahaifinsa ya mutu a hanyar Ali Akilu da cikakken tanki, ya roƙi izini ya fara buɗe murfin kafin a nufi gareji.